Shekarun Babana da Azumi Ya Ƙirga Su

Zuwa ga Babban Akawu na ofishin da mahaifina yake aiki.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da ladabi. Ni 'yar makaranta ce daga Madabo. Ban taɓa rubuta wa babba takarda ba, sau uku ina yage ta ina sakewa. Mahaifina shi ne Malam Sule mai kula da fayil. A gafarce ni da na ambaci sunansa. Bai san na rubuto ba.

Na ɗaya. Da aka raba takardar da kowane ma'aikaci zai rubuta shekarunsa, Baba ya sa hamsin da biyar. Bayan mako uku aka ce ya isa ajiye aiki, ƙarshen watan nan zai miƙa makulli.

Na biyu, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Baba da azumi yake ƙirga shekarunsa, yadda kakata ta koya masa, don a watan azumi ta haife shi. Ofis kuwa da shekarar Turawa yake aiki, wadda ta fi tamu da kwana goma sha ɗaya. Na buga lissafin a allo, na kai wa malamarmu ta duba: kwana ɗari shida da biyar ne, wato shekara ɗaya da wata takwas. A ƙirgenku Baba bai ma cika hamsin da huɗu ba. Samarin akawuna sun san wannan tun a makaranta. Dattawan babu wanda ya gaya musu.

Na uku. Na san samari sun fi shi sauri a tafireta. Suna zuwa a kan keke, da agogo a hannu, in an tashi su tafi ƙwallo. Shi a ƙasa yake zuwa, in ya dawo ya wuce karatu a unguwar Sheshe. Amma in fayil ya ɓata, wa suke nema?

Tun ranar da takardar ajiye aikin ta zo ba ya zama wuri ɗaya. Ya shiga zaure, ya fito, ya goge alƙalaminsa, ya sake gogewa. Tuwo ma sai an yi ta fama. Na nuna masa lissafina, ya daɗe yana kallo, ya ce shi ba zai je yana jayayya a kan shekarunsa gaban sa'o'in 'ya'yan cikinsa a ofis ba.

Roƙona, ranka ya daɗe, a sake ƙirgawa kafin wata ya ƙare, a bar masa kujerarsa har lokacinsa ya cika. A duba na sauran dattawan ma. Kuma don Allah kada a kira shi gaban mutane.

Allah ya ƙara maka girma, ya kai ka shekarun Baba da lafiya, ya sa a ƙirga maka naka daidai.

Wassalam.

'Yarka,
Binta Sule, Madabo, Kano.