Ihun Yaya

Litinin, 3 ga Maris

Mun sauka a dajin bayan tafiyar da ta kwance mini kowace gaɓa. Mu huɗu ne kacal: ni, marubuci kuma darakta, Gemu mai kyamara, Kunne mai ɗaukar sauti, sai Yaya, wadda ta ɗauki hutu a wurin aikinta domin ta fito mini a matsayin jaruma. Labarin wata mace ne da ta zo neman abokan aikinta a sansanin masu auna daji, ta tarar da tantuna a kafe, tukunya a kan murhu, babu kowa. Ba za a nuna dodo ba. A nazariyyata, tsoro na haƙiƙa yana zaune ne a cikin abin da ido bai riska ba. Da na warware wa Yaya wannan falsafa sai ta ce, "Auta, ka dai ce ba ku iya ɗinka dodon ba." Jahilci ba ya rasa amsa.

Kyamarar aro ce. Ranar Lahadi za a mayar wa mai ita.

Talata, 4 ga Maris

Sauro. Batir ya mutu. Sauro kuma.

Laraba, 5 ga Maris

Tunda ba mu da fitilu, da rana tsaka muke ɗaukar dare, sai wajen tacewa a baƙanta hoton. Yaya tana riƙe da tocila a cikin rana mai ƙona ƙeya, tana lalube kamar ba ta gani, sai dariya ta kuɓuce mata. Tsoron da take nunawa bai wuce na wadda ta manta makullin ɗaki ba. Na yi mata cikakken bayani a kan mazahabar haƙiƙanci a wasan kwaikwayo. Ta ce in miƙo mata ruwa.

Na gaji ƙwarai. A jami'a babu malamin da ya ambaci tururuwa a cikin takalmi.

Alhamis, 6 ga Maris

Na samo magani. Na sa Kunne ya laɓe a bayan wani kututture ba da saninta ba, ya jefo busasshen reshe daidai lokacin da take wucewa. Ta zabura da gaske, fuskar ta yi abin da nake nema tun Litinin. Nan take na kafa doka: daga yau duk abin da ya faru a gaban kyamara, a ɗauka shirina ne, kuma babu mai tsayar da ɗauka sai na ce kot. Gemu ya ce, "Darakta, in maciji ne fa?" Na ce maciji ma ya jira kot. Suka kwashe da dariya. Yaya kuwa tana gefe tana karkaɗe gwiwarta.

Asabar, 8 ga Maris

Fitowar ƙarshe: ta ruga tsakanin itatuwa, wani abu na bin ta. Ta ruga. Ƙafarta ta faɗa wani rami da ganye ya rufe, ta kife, ta yi wani ihu da ban taɓa jin irinsa daga bakin ɗan Adam ba. Gemu ya ɗago ido ya dube ni. Na ɗaga masa hannu: ci gaba. Shi ya zaci wani shirin nawa ne, Kunne ma haka, ni kuwa na zaci baiwarta ce ta farka. Tana jan jiki a ƙasa tana cewa, "Auta! Auta!" Abin da ya zo mini a rai shi ne, sunan nan za mu yanke shi wajen tacewa.

Kunne ne ya cire abin sauraren daga kansa ya ce, "Wallahi na ji ƙarar ƙashi."

A kan ƙyallen tanti muka ɗauko ta zuwa mota.

Lahadi, 9 ga Maris

Karaya ce a ƙwauri. An ɗaure ƙafar da farin simintin asibiti. Umma ta dube ni a barandar, ta ce, "A ina kake tsaye lokacin da take kiranka?" Na fara bayani a kan tsarin aiki. Ta juya ta koma ciki ina tsakiyar jimla.

An mayar da kyamara.

Talata, 18 ga Maris

Ɗakin tacewa, wato ɗakin Gemu, tsakanin katifa da kwandon wanki. Mun baƙanta hoton, rana ta koma dare. Ba zan yi wa kundina ƙarya ba: fitowar nan ita ce ƙololuwar duk abin da muka ɗauka. Sauran fim ɗin mutane ne ke yawo a daji da tocila. Gemu ya ce, "Wannan ihun kaɗai zai kai mu gasar fina-finai. Cire sunanka kawai, babu mai ganewa." Ba mu da wata ɗaukar, kuma ba za a sake ba. In babu ita, fim ba shi da ƙarshe.

Na yanke sunan. Bakinta yana nan yana faɗarsa.

Juma'a, 21 ga Maris

Na je ɗakinta da shirin neman izinin saka fitowar cikin tsararren jawabi. Tana kwance, ƙafar a kan matashi, tana susa ta cikin simintin da bayan cokali. Ban kai rabi ba ta ce, "Saka abinka, Darakta. Ai ka sha wahala a kansa." Ba da faɗa ta faɗa ba. Tun daga dajin ba ta ƙara ce mini Auta ba, sai yau na lura.

Izini dai ya samu.

Litinin, 24 ga Maris

Na sake kallo, babu sauti. Na kashe. Kaina ke ciwo, ina kyautata zaton hasken kwamfuta ne.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na cire fitowar, kuma na goge ta daga ma'ajiya. Dalilaina na fasaha ne zalla: akwai rawar hannu a ɗaukar, hasken ma bai daidaita ba. Gemu ya ce wannan ba fim ba ne yanzu, yawon shan iska ne, ya ce kada in sake kiransa. Gasa kuwa sai wata shekarar, in akwai rabo.

Da hantsi na raka Yaya asibiti a duba ƙafar. Matakalar gidanmu ƙunci gare ta, sandunan da take dogarawa ba sa shiga, sai ta dafa kafaɗata muna sauka a hankali. A tsakiya ta ɗan ja numfashi, kaɗan ne, ko Kunne da na'urarsa ba lalle ya kama ba. Na tsaya cak.

Ta dube ni ta gefen ido. "Lafiya?"

Na ce takalmina ne.

"To gyara takalminka, Auta," in ji ta, "ba sauri muke ba."

Mun daɗe a wurin. Nauyi gare ta, kafaɗata har yanzu ciwo take.