Tabon Manjo Lukumanu

Sansanin Bataliyar Najeriya, Kuroshiya
9 ga Nuwamba, 1992

Hamma Jibo,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajo da yara da ɗalibanka na Karaye. Idan ka je gida ka durƙusa ka gai da Baba da Inna a madadina, ka gai da Bappa Sulle da shanunsa.

Ka tambaye ni yaya yaƙi. Hamma, ban gan shi ba, na dai ga inda ya kwana: gidaje ba rufi, gonakin masara sun bushe a tsaye ba mai girbi. Aikinmu shi ne mu sa hular kwano shuɗiya mu tsaya tsakanin mutanen da suke yare ɗaya amma suka rantse sai sun ga bayan juna, in sun yi harbi mu duba agogo mu rubuta. Ni da nake likitar bataliya, cututtukan da nake fama da su mura ne da basir da kewar tuwo. Rana a nan malalaciya ce, kana idar da La'asar kafin ka naɗe darduma Magariba ta yi. Daddawar da Inna ta ƙunsa mini kuwa ta sa wata nas 'yar Denmak ta leƙo tana tambaya ko ɓera ne ya mutu a ɗakina.

Watan jiya an ba mu hutun kwana huɗu, muka je Italiya, wani gari da ake kira Venis. Titunansa ruwa ne. Mutum ya fito ƙofar gida da gigin barci sai ya tsinci kansa a kogi. Ba saniya, ba jaki, ba ko akuya, sai tantabaru da suka yi ƙiba don ba mai yanka su. Mu biyar muka shiga kwalekwale, wani tsoho mai malafa yana tuƙi yana rera waƙa, ba wanda ya roƙe shi. Ɗan Mai garinmu, Manjo Lukumanu, bai shiga ba, wai ruwa na juya masa ciki. Ya tsaya a kan gada yana ɗaukar mu hoto.

Ga labarin da ya fi Venis. A ƙauyen da ke bayan sansaninmu mutane sun gudu sun bar dabbobi, cikinsu har da wata jar saniya sabuwar haihuwa. Wani hafsa, ba zan faɗi sunansa ba tunda ya zama majiyyacina, ya yi kwaɗayin naman maraƙi. Ya shiga tsakaninta da ɗanta ya cafke shi a wuya, uwar tana kallo. Ta sunkuyar da kai. Ya juya ya ba ta baya, ita kuma ta karɓa da ƙaho. Direbansa da kuku kaɗai suka gani, su suka raɗa mata suna Janar, don tun zuwanmu ita kaɗai ta kai hari.

Da na gama ɗinki ya ce in rubuta a takarda harbi ne, wai akwai lambar yabo. Na ce a jami'a ba a nuna mana bindiga mai ƙaho ba. Ya ce, "Yarinya, za ki gani." Ina nan ina jira in gani.

Yanzu ni nake tatsar Janar kowace safiya. Hannun bai manta ba.

Taka ƙanwa,
Barira

*

Karaye
6 ga Disamba, 1992

Barira,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, in dai numfashi ake nufi da lafiya. Wasiƙarki ta iso, amma wata ta riga ta da mako guda, kuma da ma ta faɗa teku.

Kin san yadda ake yi a garinmu Kukar Hammawa. Wasiƙar waje ba ta mutum ɗaya ba ce. In an dawo daga Juma'a a Gwangwan sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar Mai gari, Baba ya sa tabarau ya karanta wa kowa. Shekara talatin da ɗaya yana yi. To ta Lukumanu ce ta zo. Wai an harbe shi a cinya yana ƙoƙarin ceton mata da yara daga wani gida da ke cin wuta. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida, Mai gari ya share hawaye da bakin rawani. Baba yana cikin karatu sai ya tsaya cak. Mai gari ya ce, "Ci gaba mana, Malam." Kin san Baba, bai taɓa tsallake layi ba, ya ce karatun wasiƙa amana ce. Da bakinsa ya karanta: "Ina baƙin cikin sanar da ku cewa 'yar Malam Abdulsalami ta zubar da mutuncin garinmu, yawo take da wani Bature a kwalekwale."

Har da hoto, Barira. Ke da wani mai malafa, ku biyu rak, an datse gefe da gefe da almakashi. Hoton ya zaga daga hannu zuwa hannu har ya yi laushi. Baba ya naɗe takardar ya miƙa, ya cire tabarau ya ajiye a kan tabarma, ya tashi. Tun ranar bai sake taka ƙofar gida ba. A zaure yake salla shi kaɗai. Ko kasuwar Rogo bai je ba. Inna ta daina zuwa biki. Tabarau yana can gidan Mai gari, ba wanda ya je ɗauka, ba wanda ya kawo.

Sai da na karanta taki na gane ko wane ne hafsan naki marar suna. Wallahi jinina tafasa yake. Ki ba ni izini in miƙe a gaban jama'a in karanta labarin saniyar nan. In kin hana, to ranar da ya sauka ni da sandata za mu tarbe shi a tasha.

Yayanki,
Jibo

*

Kuroshiya
3 ga Janairu, 1993

Hamma,

Ina gaishe ka, ina kuma roƙonka ka jingine sandar, malamin makaranta ne kai. Na yi kuka yini guda saboda Baba. Ya isa. Yau dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina fari fat kamar an zazzage buhun gari, kuma na lura a cikin sanyi mutum ya fi tunani tsaf.

Kada ka karanta waccan wasiƙa ga kowa. Na farko, na yi rantsuwa ba zan tona asirin majiyyaci ba, ba kuma zan karya ta don Lukumanu ba, bai kai ba. Na biyu, macen da aka riga aka ɓata ta buɗe baki a kan ɗan Mai gari, cewa za a yi borin kunya take. Baturen nawa kuwa mai fito ne. A lissafin Manjo, duk macen da ta taɓa haye kogin Challawa a kwalekwale ta bi namiji. Ga wani hoton da nas ɗin nan ta ba ni, mu biyar ne da tsohon. Ka adana shi, kada ka nuna sai ranar da za ka ga ya dace. Za ka gane ranar.

Ga kuma takarda zuwa ga Mai gari. Kai za ka karanta ta a ƙofarsa ranar Juma'a, da murya mai ladabi, ba dariya. Ka duba da kyau, babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

"Ranka ya daɗe, 'yarka Barira tana gaisuwa da ban girma. Na ji labarin raunin Manjo ya iso gida. Ni Allah ya nufa na ɗinke shi da hannuna, kuma shekara shida ina aiki a asibitin soja ban taɓa ganin irinsa a jikin soja ba. A nan Turai na shiga gidajen tarihi, na ga yadda suke ajiye tsofaffin takubba da rigunan yaƙi a cikin gilashi, jama'a na bin layi don su kalla. Na ce a raina, mu namu tarihin a fatar maza yake. Iyayenmu da suka sha bulalar sharo ba sa ɓoye tabonsu, kwaye riga suke yi a gani. Ina roƙo, idan Manjo ya dawo da Babbar Salla, a tara dattawa ya nuna musu tabonsa kamar yadda aka gada, samari su gani su ɗauki darasi."

Ka tabbata Bappa Sulle ya zauna a sahun gaba.

Barira

*

Hedikwata, Zagreb
18 ga Maris, 1993

Ƙanwata Kyaftin Barira,

Barka da shan ruwa, da fatan ana ibada lafiya. Tun da aka maido ni hedikwata ban samu sukunin tuntuɓarki ba, ayyuka sun yi yawa a kaina.

Mahaifina ya rubuto mini. Ashe wata shawara kika ba shi. Yanzu ya ware bijimi, ya aika wa Fulanin ƙauyen nan Turawa da na Unguwar Hajji, har makaɗa ya kira. Na san da kyakkyawar niyya kika yi, amma ni ba mai son nuna kai ba ne. Ina so ki rubuta masa, a matsayinki na likita, cewa irin wannan tabo ba a buɗe shi a iska. Layi biyu ya wadatar. Ko kuwa in akwai aikin da za a yi a ɗan gyara siffarsa, ki sanar da ni.

Maganar hoto kuma, an yi mini gurguwar fahimta. In na koma zan samu Malam mu biyu in yi masa bayani. Muna cikin wata mai alfarma, kuma mu 'yan gari ɗaya ne, kakanninmu rijiya ɗaya suka sha. Abin da ya wuce a bar shi ya wuce.

Naki,
Manjo L. Mai gari

*

Kuroshiya
26 ga Maris, 1993

Ranka ya daɗe Manjo,

Barka da Salla. Na ji daɗin ƙarin girman da na samu, daga yarinya zuwa ƙanwa cikin wata huɗu.

A matsayina na likita ina yi maka albishir: tabonka ya warke sarai, iska ba za ta yi masa komai ba. Ba zan iya rubuta akasin haka ba, saboda dalilin da ya hana ni rubuta cewa harbi ne. Gyaran siffa kuwa, na yi ɗinkin da kyau tun farko, ba na son a taɓa mini aiki.

Mahaifina ba ku biyu kuka zauna ba ranar da ka sa shi ya zagi 'yarsa da bakinsa. Don haka hanya ɗaya ce. Ka rubuta da hannunka abin da ya faru a Venis da abin da ya faru a bayan sansani, a karanta a ƙofar da aka karanta ta farko. In ka yi haka, ni da kaina zan roƙi Mai gari a bar maganar nuna tabo, a ci bijimi kawai. Ka san Baba ba ya tsallake layi.

An ƙara mini wata uku kafin sabon likita ya iso, ba zan ga taron ba. Ba komai. Na je Viyana makon jiya na ga wani gidan sarauta mai ɗaki fiye da dubu, na gaji da kallo.

Janar tana nan lafiya, ɗanta ya fara cin ciyawa.

Kyaftin Barira Abdulsalami

*

Karaye
5 ga Yuni, 1993

Barira,

Salamu alaikum, barka da Salla, kowa yana gaishe ki.

Lukumanu bai rubuta takardar da kika nema ba. Ya lissafa cewa a garinmu ba wanda ya san tabon harsashi, kuma gaskiyarsa. Ya fito cikin kaki, lambobi reras a ƙirji, aka yi kiɗa, sannan Mai gari ya ce bismilla. Manjo ya juya ya naɗe wando har bayan cinya, yana bayanin irin bindigar.

Bappa Sulle ya matso da sandarsa, ya tsuguna, ya bi tabon da yatsa daga ƙasa zuwa sama. Ya ɗago ya ce, "Ƙahon hagu ne. Sabuwar haihuwa ce, ko?" Wani tsohon Bafulatani daga ƙauyen Turawa ya leƙa ya ce, "Kuma gudu yake." Mai kalangu ya dakatar da kiɗa. Sai wani ya kasa riƙe dariya. Nan na fito da hotonki na miƙa wa na kusa da ni, ya zaga kamar yadda wancan ya zaga.

Lukumanu ya koma Kaduna washegari, ko naman bai jira ba.

Jiya da hantsi Mai gari ya zo zaurenmu da ƙafarsa, ba ɗan rakiya, tabarau a hannu. Ban ji abin da suka ce ba. Na dai ga Baba ya goge gilashin da gefen riga, ya sa, suka fita Juma'a tare.

Baba ya ce ki rubuto doguwar wasiƙa a kan garin nan na ruwa, shi zai karanta. Bappa Sulle kuma ya ce a tambaye ki, saniyar ta sayarwa ce?

Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Yayanki,
Jibo