Kwandon Turancin da Ya Ƙare a Ƙunshin Ƙosai

Anti Fadima, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Yau kwana tara ke nan gaisuwa kawai ke haɗa ni da maigidana, kuma duk a kan koyon Turanci ne.

Shekarata ɗaya da rabi da aure. Daga Gusau aka kawo ni Agege, shi kuma tumatir yake sayarwa a kasuwar Mile 12. Ni mace ce mai son karatu. Littafin soyayya mai kashi uku nakan cinye shi tsakanin azahar da magariba, wani lokacin har miya ta kama ban sani ba. Amma a aji uku na bar boko, Turancina bai wuce gaisuwa ba. A gida wannan bai taɓa damuna ba. Nan kuwa ina da ciki wata biyar, duk ranar awo nas za ta yi ta zuba bayani, ni kuma in yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Rannan ta ce in maimaita abin da ta faɗa, na yi tsuru-tsuru, matan da ke kan benci suka kwashe da dariya. A cikin motar haya ta danfo na yi kukana har gida.

Na faɗa wa maigida. Ya ce wannan ai mai sauƙi ne, in bar masa. Anti, ni a raina na riga na gama tsara abin: zai shigo da ɗan littafi naɗe cikin takarda mai ƙyalli, yana ƙanshin turare, ya zauna kusa da ni yana biya mini a hankali, yadda mazajen littafi suke yi.

Sai ga shi a kan okada da kwando. Kwandon tumatir, wallahi, cike da tsofaffin littattafan da ya sayo wurin masu gwanjon takardu a Isolo. Sai murna yake, wai manya-manya masu nauyi ya zaɓo, bai yarda an cusa masa ƙanana ba, har ya sa an yi masa gyara da guda biyu. Kowane littafi kuma ya bi gefensa da koren fentin nan da yake yi wa kwandunansa shaida da shi a kasuwa, wai kada maƙwabta su ara su hana.

Da ya fita na buɗe. Warin ruma da kashin kyankyaso suka fara tarbata. Na farko lambobin tarho ne tun daga bango har bango. Na biyu na gyaran janareto ne. Mafi girman kuwa, wanda ya fi alfahari da shi, na cututtukan fata ne, hotunan gyambo da ƙuraje kala-kala. Ga ni da ciki! Wuni na yi ina amai.

Maƙwabciyata Mufida, haifaffiyar Legas ce, ta ba ni littafin 'yarta na aji ɗaya. Na buɗe na ga hoton kyanwa da ƙwallo. Ni da nake karanta shafi ɗari biyu a wuni? Na mayar mata da abinta. Sai ta ce to akwai intanet, darasi iri-iri na ciki, daga na masu farawa har na gwanaye. Da izinin maigida ta raka ni wani shagon kwamfuta. Ɗan ɗaki ne, samari cunkus, ga warin gumi, wurin danna haruffan duk maiƙo. Mun fi rabin awa muna jiran shafi ɗaya ya buɗe. Da mai shagon ya tambaye ni wane mataki nake so, na ce na ƙarshe. Ya buga mini shafi goma. Ko layi ɗaya ban gane ba.

Haushi ya sa da na dawo na kinkimi kwandon na ba Inno mai ƙosai ta ƙofar gidanmu. Sam na manta da fentin. Washegari da safe maigida ya sayi ƙosai, aka ƙunsa masa a takarda mai koren gefe, da hoton ƙafa mai gyambo. Ya dawo ya dire ƙunshin a gabana ya ce, "Ga Turancinki nan, ki ci da zafinsa." Ya ce kada in ƙara yi masa zancen karatu a gidan nan.

Anti, ni ce da laifi? Wane irin mutum ne zai sayo ilimi a kwando? Turancin ma duk ya fita raina, amma awo na gaba saura mako uku, kuma yanzu ba ni da littafi, ba ni da izini.

Taki,
Matar Mai Tumatir, Agege

AMSA

'Yata, wa alaikumus salam. Aman kam da gaskiyarki, ko ni da ba ni da ciki ba zan so wannan littafin kusa da kwanon abincina ba. Maigidanki ya yi kuskure da bai tambayi masu sani ba, kuma hana ki karatu ba daidai ba ne. Amma wannan fushi ne, ba hukunci ba.

Sai dai ki lura, kuskure ɗaya kuka yi ku biyu. Shi ya zaɓi mafi nauyi, ke kika zaɓi matakin ƙarshe. Nasa ma ya fi naki uzuri, domin da awon da ya sani ya auna miki abin da yake ganin ya fi kyau. Mazajen littafi ba sa sammakon kasuwa. Naki ya bar rumfarsa ya tafi har Isolo ya ɗauko miki kaya, sannan ya tsinci kyautarsa a hannun mai ƙosai, a ƙofar gidansa. Ki ba shi haƙuri, kada ki haɗa da "amma".

Daga nan ki koma wurin Mufida ki karɓo kyanwa da ƙwallo. Ba raini ba ne. Tunda idonki ya saba da haruffa, cikin mako biyu za ki wuce shi. Bayansa akwai siraran littattafan labari da ake rubuta lambar matakinsu a bango, masu gwanjon ma suna da su. Ga ma'auni: buɗe shafi, duk kalmar da ba ki sani ba ki lanƙwasa yatsa. In hannu ɗaya ya ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinki tukuna. Ki nemi ƙamus na Hausa da Turanci, ki kuma riƙa bin darussan da ake yi a rediyo don kunnenki ya saba.

Intanet ba sai kin zauna cikin gumi ba. Mufida ta je da hantsi, ta ce a buga mata na masu farawa, shafi biyu a mako ya ishe ki. Awo kuwa ba ya jiran karatu. Mufida ta rubuta miki maganganu goma da nas ke yawan yi, ta kuma raka ki wannan karon. Gyaɗa kai a kan abin da ba ki gane ba haɗari ne gare ki da abin da ke cikinki.

In maigidanki ya huce, ki tambaye shi ko sabon ɗan dako ana ɗora masa babban kwando a ranar farko. Zai gane nan take. Sai ki rubuta masa lambar mataki a takarda, ki roƙe shi ya sayo miki ƙananan da kansa, ya kuma shafa musu koren fentinsa.

Allah ya sauke ki lafiya, ya nuna mana ranar da za ki karanta masa katin asibitin jaririnku da bakinki.

Anti Fadima