Akwai, amma ba komai ciki

Dakoro

Zuwa ga ƙanena Zakiru,

Bayan gaisuwa, ya karatu da zafin Yamai? Ya ƙarin haƙurinmu na rashin Inna Lalla?

Da fushi nake rubuto maka. Ka san kafin rasuwar kakarmu na yi ta hawa mota zuwa Azagor ina ɗaukar muryarta, waƙoƙin tatsar nono da labaran shekarun fari. Jiya na zo sa su a gidan rediyon da nake aiki. Fishiyoyin, wato fayilolin muryar, duk suna cikin ordinatar, kwamfutarmu ke nan, kowane da sunansa, amma ba sauti ko guda. Na duba katin rakoda, shi ma wayam. Kai ka rubuta mana tsarin nan da ke kwashe murya daga kati ya kuma goge katin. Ina muryar Inna?

Ka huta lafiya.
Yayarka Haula

Yamai

Zuwa ga Yaya Haula,

Gaisuwa da girmamawa. Allah ya jiƙan Inna.

Na gano abin da ya faru. Kafin tsarin ya goge kati, yana tambayar ordinatar: akwai wannan fishiye a wurinki? Harshen na'ura da na rubuta tsarin da shi yana amsa "akwai" ko da fishiyen fanko ne. Wuta ta ɗauke ana cikin kwashewa, sunaye suka shiga, murya ba ta shiga ba. Wannan sakarci ne na masu harshen! Ya kamata amsa ta zama uku: babu, akwai, ko akwai amma fanko. Na rubuta musu da zafi, wani ya amsa mini wai ai da tambaya ta daban don girman fishiye, in je in karanta.

Naki,
Zakiru

Dakoro

Zakiru,

Ina gaishe ka don wajibi ne.

Mutumin nan ya faɗa maka gaskiya. Ka tambayi na'ura ko akwai ƙwarya, ta ce akwai, kai kuma ba ka leƙa ka ga ko da nono ba. Ranar da ka kafa abin nan na ce a bar ni in saurara kafin a goge, ka yi dariya ka ce zamanin nan ya wuce. Yanzu kana can kana gardama da baƙi, ko "yi haƙuri" ba ka ce ba. Ni ce Baba ke tambaya kullum yaushe zai ji uwarsa a rediyo.

Haula

Yamai

Yaya, barka da yini.

Don Allah kar ki ɗauki komai da katin nan! Malaminmu ya ce abin da aka goge yana nan kwance, muddin ba a ɗora wani a kansa ba. Ina tafe ranar Litinin.

Zakiru

Dakoro

Zakiru, sannu.

Saƙonka ya same ni ranar Asabar. Ranar Juma'a na shiga kasuwa da katin, na ɗauki hira da masu raƙuma har la'asar. Ban san nawa na danne daga muryar Inna ba.

Ka zo dai. Kai za ka yi wa Baba bayani, ni zan tsaya kusa da kai.

Sai ka iso.
Haula