Zalɓen Baba

Lahadi da dare, ƙarshen bazara

Na gaji liƙis, amma barci ya ƙi zuwa. Yau dai Baba ya yarda na kai shi Jiratawa. Tun da ciwon nan ya taɓa mashi hannun dama bai sake riƙe kyamara ba, mutumin da ya tsufa yana bin tsuntsayen Gulbi. Shi ya koya mani dokokin: rana ta zama bayanki, hoto ya miƙe daidai, kada ki yanke ma tsuntsu ƙafa ko fiffike.

Muna zaune bakin ruwa kusa da gonar zogale sai ga zalɓe ya sauka. Na aje mashi kyamarar bisa cinya. Ya daɗe yana kallonta. Ko da ya ɗaga ta, hannun na ta rawa, zalɓen kuma ya tashi daidai lokacin da ya ɗauki hoton.

Hoton ya karkace, hasken rana ya cika shi, tsuntsun na can gefe, rabin fiffikenshi a waje.

"Goge shi, Hadiza," in ji shi. "Da ke kika ɗauko wannan, da kin sha faɗa."

Na ce, "Baba, ai a wannan ne ake ganin tashin zalɓe sosai. Wallahi ba ni gogewa."

Ya harare ni, ya sake duban hoton, yana ɓoye murmushi.

Ɗazu bayan isha'i na ji muryarshi daga ɗaki: "Hadiza, an ce shamuwa ta sauka Tibiri. Gobe kina da aiki?"

Ina da shi, amma na ce babu.