Kwamfuta Ta Manta Injin Baba

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da maigidanki. Kunnen nan ya hana ni waya, sai takarda.

Injin yanka sitika ya ƙi motsi tun Litinin. Wuta na shiga, amma kwamfuta ta yi kamar ba ta taɓa ganinsa ba, bayan shekara goma sha bakwai suna teburi ɗaya. Mai makarantar bayan layi yana jiran lambobin azuzuwa. Yayanki kuwa ya samu abin faɗa, wai dama lokacin rufe shago ya yi. In na zauna a gida me zan yi, ƙirga ƙudaje?

Babanki

Baba,

Barka da war haka, ya ƙarfin jiki? Ka kwantar da hankalinka. Direban injin ne ya rikice, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi. Ka bi hotunan da na zana a bayan takardar nan, ka danna cirewa, ka kashe ka kunna. Da kanta za ta mayar da shi. Allah ya ƙara lafiya.

Autarka

Auta,

Bayan gaisuwa, na bi zanenki tiryan-tiryan. Sai dai kwamfutar ta nuno wani ɗan akwatin rubutu da ba ki zana ba, tana tambaya ko a goge direban gaba ɗaya. Kin san ni ba na aikin rabi da rabi, na ce a goge. Yanzu faifan da ya zo da injin take nema. Faifan kuwa na zubar da shi tare da kwalin tun gyaran rufi. Mai makaranta ya kai aikinsa wani wuri. Ki gai da mutanen gida.

Babanki

Baba,

Ina gaisuwa, cike da kunya. Laifina ne, na manta akwatin nan sam, kuma abin da ka goge shi kaɗai ya rage. Kamfanin da ya ƙera injin ya daɗe da rufewa. Mako uku ina nema, har wurin masu gyara biyar na je, ɗaya ma dariya ya yi da ya ji shekarun injin. Lafiyar injinka ƙalau, Baba, mai yi masa magana ne babu. Ban haƙura ba tukuna. Ka yafe mini.

Autarka

Auta,

Ba ki yi mini komai ba, ki daina wahalar da ƙafarki. Jiya na ɗauko reza da rula in yanka da hannu kamar da. Harafi uku na yi, ko ni ban iya karanta su ba, hannun ba na da ba ne. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ki gaya wa yayanki ya zo ranar Asabar da mota a kwashe kayan shagon. Ni ba zan iya faɗa masa ba.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki