Allon Turanci da Ƙwaryar Iri

Unguwar Tsamiya, ta Bici.

Zuwa ga ƙanwata Aina'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Alhaji Hashimu da yara, da fatan ruwan Fatakwal da ba ya gajiya yana barin ku ku yi shanya. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ku. Mu nan kowa kalau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zagaya gidajen maƙwabta tana gyara musu tarbiyyar 'ya'ya. Geron bana ya yi kyau, gyaɗa ce dai ta ɗan ba mu kunya.

Bayan haka, ina sanar da ke cikin alhini cewa allon nan da na sa kafinta ya yi mini musamman domin Turanci ya yi murabus. Tun ranar Asabar uwargida Hure ta ɗauke shi zuwa madafa, yanzu albasa ake yankawa a kansa. Na leƙa shi jiya, kuma ban taɓa ganin ya yi aiki mai amfani haka ba. Na roƙi 'yata Ramlat kada ta kira ki sai takardar nan ta iso, don ina so ki ji labarin daga bakin mai laifi.

Kin san inda muka tsaya. Sau biyu Ramlat tana zana jarrabawar gama sakandare, sau biyu tana cinye komai har lissafi, Turanci yana tare mata hanya, makarantar ungozoma kuwa ba ta karɓar mutum sai da shi. Da damina ta faɗi ta same ni a zaure, ta ce wannan karon ne na ƙarshe, in ta sake faɗuwa za ta rabar da littattafanta ta zauna kan keken ɗinki. Ba cikin fushi ta faɗa ba, shi ya sa na tsorata. Yarinyar da tun ranar da ta ga an ɗauki Larai matar Basiru a bayan babur tana naƙuda zuwa Bici ba ta da wani buri sai zama ungozoma.

Sai na ce bari malami ya shigo. Shekara ashirin da shida ina koyar da Larabci, na yi hadda, na sa wasu sun yi, a ganina harshe duk harshe ne. Na sauko da babban ƙamus ɗina na zamanin kwaleji, na ce za mu haddace shi daga bango zuwa bango yadda muka gada: a rubuta a allo, a biya, a kawo hadda, a wanke, a ci gaba. Allon ma sabo na sa aka yi, don kada a haɗa da na karatu. Da kika ji a waya kika ce mini ba haka ake yi ba, kika aiko da ƙunshin takardun jarrabawar shekarun baya ta hannun direba. Ina tune da amsar da na ba ki, cewa tambayar da aka riga aka yi ai ta wuce. A taƙaice, na ɗora ƙunshin a kan kabad, ko igiyarsa ban kwance ba.

Daga shuka har yankan gero, ba mu gama harafi na biyu ba. Ramlat ta san sunan wani tsuntsun teku, ta san ƙarfen da ake tsayar da jirgin ruwa da shi, ita da ko kogin kirki ba ta taɓa gani ba. Na lura a wannan tafiya za mu kai harafin ƙarshe tana goyon jika, amma na bar wa cikina. Wata Juma'a ta kwance ƙunshinki ba da sanina ba, ta gwada takarda ɗaya. Cikin tambaya hamsin ta ci tara. Na dawo daga masallaci na tarar da ita a gindin rumbu da takardar a cinya.

Hure tana gefe tana zaɓen iri. Kin san aikinta, kafin a zuba gero a rumbu sai ta bi dami ɗaya bayan ɗaya, ta ciro zangarniyar da ta cika, ta ɗaure daban, ta rataye inda ɓera ba ya kaiwa. Ita da ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko ba, ta tambaye ni kalma nawa ce a ƙamus ɗin nan. Na ce dubbai. Ta tambaya ko masu jarrabawar mutane ne ko aljanu. Na ce mutane ne. Ta ce in dai mutane ne, to suna da abin da bakinsu ya saba da shi, kamar yadda ni ba na gama zance ban ce "a taƙaice" sau uku ba. Ita dai, in ji ta, ba ta taɓa ganin wanda ya kwashi rumbu gaba ɗaya ya kai gona ba. Na ce ilimi ba gero ba ne. Ta ce ta ji. Washegari suka fara nasu ba tare da neman izinina ba.

Ramlat ta bi takardunki na shekara goma, duk kalmar da ba ta sani ba ta rubuta a guntun kwalin sukari, ma'anarta a baya. In kalmar ta sake fitowa a wata shekarar, Hure ta ɗora mata ƙwayar wake. Wadda ta tara wake uku ta shiga ƙaramar ƙwarya, ta zama iri. Tsakar gida ta cika da kwalaye, sai da aka kulle kaji don suna ta cinye sakamakon. Da suka gama, irin bai kai ɗari huɗu ba. Na faki idonsu na bincika ƙwaryar, cikin duk abin da muka sha wahala a allo guda goma sha ɗaya na samu. Na ƙirga sau biyu.

Sannan Hure ta ce ba ajiyewa za a yi ba, shukawa za a yi. Kullum da safe Ramlat ta ɗebi biyar, kafin la'asar kuma dole ta ɗora kowacce a kan wani abu na gidan, ta faɗi jimlar da ƙarfi kowa ya ji. Akuya ta samu rabonta, Inna ma ba ta tsira ba. Amma gonar da ta fi shan shuka ni ne. Sai in zo wucewa in ji an ambaci Baba cikin Turanci, a fassara wa uwar, su kwashe da dariya. Ni kuma in shiga ɗaki in buɗe ƙamus a ɓoye. A taƙaice, ta haka na koyi cewa Turawa suna da kalma har huɗu ta mai taurin kai, da biyu ta mai dogon bayani.

Ranar Alhamis sakamakon jarrabawar da Ramlat ta sake zanawa ya fito. Muka je Bici wurin mai kwamfuta ya buga mana, ta kasa dubawa, ta miƙo mini. Aina'u, ta ci, kuma ba da ƙyar ba. Na daɗe a bakin shagon nan ina goge tabarau alhali ba abin da ya same shi. A hanya ta ce a zauren jarrabawa kalmomin suka riƙa fitowa kamar 'yan gida, har da wadda ta fi ɗora mini, ta kusa yin dariya a gaban mai gadin jarrabawa. Ta riga ta cike takardar makarantar ungozoma. Keken ɗinki an lulluɓe shi da zani.

Na gode, ƙanwata. Kina nesa kika ga abin da ni ina zaune a kansa ban gani ba, kika aiko, kuma da na yi miki gatse ba ki yi fushi ba. Allah ya saka miki da alheri, ya nuna miki irin wannan rana a kan naki.

Inna tana gaishe ki, ta ce a tuna miki man zafin nan. Hure da Ramlat suna gaida Gwaggo. Ki gaida Alhaji Hashimu, ki shafa mini kan Ummu Salma da Jamil.

A taƙaice, ku kuka yi daidai, ni na yi kuskure. Na faɗa wa Hure da baki, ta ce in maimaita don ba ta ji sosai ba. Ke ga naki a rubuce, sai ki adana.

Yayanki,
Khalilu